Lambar da Na Sa wa Suna Agadas

Asabar, 5 ga Oktoba 2024

Saƙo ya iso daga Agadas ta hannun wani direban kamiyo, babbar motar kaya. Salula ce sabuwa fil, irin mai shafawa, an naɗe ta cikin tsohon rawani don kada ta fashe. Ɗan Inna ne ya aiko. Wai ta Inna ce, amma ni zan riƙe mata, tunda idonta ya yi rauni, kuma ni ce na yi lakol, wato makarantar boko. Alhamdu lillahi. Allah ya yi masa albarka, ya tsare shi da faɗowa, tunda sana'ar da ya zaɓa ke nan, hawa rufin mutane yana kafa musu pano na hasken rana.

Malam, maigidana, ya zauna yana sa mini lambobi. Da ya zo kan ta mai aikowa sai ya miƙo mini yana murmushin nan nasa na tsokana: "Madam, rubuta sunan mai ita." Na yi shekaru ina koya wa yaran Tibiri rubutu har na yi ritaya, amma yau yatsana ya tsaya cak. Ɗana na fari ne fa. Tun ranar suna bakina bai taɓa faɗin sunansa ba, ban taɓa ɗaukarsa gaban mutane ba. Da aka yaye shi mahaifiyata ta ɗauke shi ta raine shi har ya yi gemu. Ita yake kira Inna, ni kuwa Yaya, yadda ya ji ƙannena na faɗa. Haka muka tarar ana yi, kuma ban taɓa jin an cuce ni ba. Ko cikin kayen nan, littafin rubutuna da ba mai buɗewa sai ni, hannuna ba ya rubuta shi.

Na rubuta "Agadas". Malam ya yi dariya har da tari, kamar shi ba "yaron nan" yake cewa ba.

Talata, 8 ga Oktoba

Mun koyi bokal. Ka danna ka riƙe, ka yi magana, ka saki, kafin ka haɗiye miyau ta kai Agadas. Ikon Allah! Na tuna lokacin da babanmu ke ci-rani a kudu, kaset yake aiko mana, sai ya isa mu ji yana kukan sanyi alhali mu zafi ya riga ya shigo.

Ni ke dannawa, Inna ke magana. Sai da ta gyara ɗankwali, wai kada ya gan ta a hargitse. Ta ƙwala masa kira da sunansa, ta ce, "Kana jiya ta? Mi kac ci yau? Ka rage shayin nan na Buzaye, shi ka hana ka ƙiba." Na matso kusa da kunnenta na ce a tambaya ko yajin da aka aika ya ƙare. Ta ce, "Waccan ta lakol ta ce ko yajinka ya ƙare." Ba a jima ba salula ta yi ƙara: "Inna, ki ce wa Yaya da saura, amma a ƙaro ƙuli-ƙuli."

Shi ke nan mun gaisa. Haka muke yi tun yana ɗan tsito, ni in faɗa wa Inna, Inna ta faɗa masa. Hanyar ce kawai ta gajarce.

Juma'a, 18 ga Oktoba

An gama ɗauko damman gero daga gona, Malam ya dawo da bakin gardama. Wai wanda ya ƙera salula bai san akwai mutumin da ba a faɗin sunansa ba, shi ya sa komai za ka yi sai ta tambaye ka suna. Abu ne marar kunya, in ji shi. Na ce hauyarka ma ba ta san kunya ba, amma ban ga ka yar da ita ba. Ya ce hauya tsakaninsa da ƙasa take, ba ta shiga tsakanin mutum da mutum.

Na dama masa fura. Yana sha kuma ya ce in duba masa ko an faɗi kuɗin wake a Gidan Rumji. Ka ji mai zagin salula.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Yau bidiyo aka kira. Ni na kafa wa Inna salula a jikin turmi na koma gefe, inda zan ga allon shi kuwa ba zai gan ni ba. Ga Rahina matarsa, yarinyar kirki, tana ta "Mama ina wuni" ba ta san ta ina nake ba. Ga kuma 'yar tasu ta fara gudu. Sunana aka sa mata, Saliha, shi ya sa suke ce mata Ummi. Ashe shi ma bakinsa ba ya iya faɗin nawa.

Amma fa ɗiyar fari ce, ga ta a wuyansa, yana sumbatar ta gaban kowa. Inna ta tafa hannu ta ce, "Kai, wanga yaro ya zubar muna da mutunci!" Tana faɗa tana dariya. Ya gaya mata a fara buga tubali bayan ɗakinta. Bayan ƙaramar Salla zai ɗora gini, ya kwaso iyali ya dawo gida, aikin pano ya yi yawa yanzu a Maradi da ƙauyuka. Inna har da guɗa.

Abin da nake so in rubuta ba wannan ba ne. Bayan an gama Rahina ta turo hotonsa. Da azahar na shiga ɗaki na saki labule, na buɗa hoton da yatsu biyu har fuskar ta cika allo. Yana da tabo a girar hagu, ban san yaushe ya same shi ba. Kunnuwan babana ne sak. Furfura ta fara leƙowa ta gefen gemu, yaron da na haifa! Tunda nake ban taɓa kallonsa haka ba, kullum satar kallo nake in kau da kai. Yau na kalle shi har na ƙoshi, kuma ba wanda ya kama ni.

Wanda ya ƙera abin nan, ko wane ne, ko a wace ƙasa yake, na gode masa. Wallahi na gode.

Alhamis, 12 ga Disamba

Ƙafafun Inna sun kumbura, numfashi na yi mata wuya. Mun kai ta likita Maradi. Likitan ya karɓi salula ya yi wa ɗan Inna bayani da kansa, ni ina tsaye. Zuciya ce. An ba mu magani mun dawo. An gama tubali, an jera shi yana shan rana.

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Inna ta rasu shekaranjiya da hantsi. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Juma'a ya gan ta a bidiyo. Ta ɗora tafinta kan gilashin, ta sa masa albarka da bakinta, ya ji da kunnensa. Da a da ne, sai dai labari ya tarar da shi bayan an share makoki. Ko wannan kaɗai salula ta yi mana, ta biya kuɗinta. Malam ne ya kira ya gaya masa. Ba a jira shi ba, hanya da nisa.

Lahadi, 12 ga Janairu

Ya zo, ya koma yau.

Kullum da safe zai tsaya bakin ƙofata ya durƙusa: "Yaya, ina kwana. Ya haƙuri?" In amsa ina kallon tabarma. Sai mu yi shiru mu duka, kowa na jiran wadda za ta karɓi maganar ta juya ta. Ɗakin Inna kuma a rufe. Ya rame sosai. Na so in ce ya ci abinci, na so in ce ni ma uwata ce ta mutu, mu yi kukan tare. Na kasa. Na ƙulla yaji da ƙuli-ƙuli na tura cikin jakarsa lokacin da ya tafi masallaci.

Da zai fita ya tsaya gaban tubalin nan ya daɗe. Sannan ya wuce.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Salula cike da caji, rezon kira cike, ba ta yi ƙara ba.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Ashe duk bokal ɗin da Inna ta yi suna nan. Na danna ɗaya bisa kuskure ina tsintar wake, sai ga muryarta tsakar gida tana faɗan shayi. Akuya ma sai da ta ɗaga kai. Na yi kuka, na yi dariya, na sake dannawa. Babana da ya rasu, muryarsa ta ɓace mini, ko na runtse ido ba na jin ta. Ta Inna kuwa ga ta a tafin hannuna har da tarinta. Wace irin ni'ima ce wannan!

Da yamma Rahina ta kira a ɓoye. Ta ce, "Mama, ya ce ba za mu zo Salla ba. Wai a sayar da tubalin. Wasu abokansa na kiransa aiki can arewa, ƙetaren iyaka, kuma ya fara sauraren su." Na ce saboda me? Ta ce, "Cewa ya yi, in ya je gida wa zai je wa?"

Wa zai je wa. Oh ni Saliha! To ni ice ce aka dasa a tsakar gidan?

Waɗanda suka ƙetara can, wasu sai a shekara biyar ba a gan su ba. In ya tafi da wannan maganar a ransa ba zai dawo ba, na san halin gidanmu.

Litinin, 3 ga Maris

Azumi ya kama, Allah ya karɓa mana. Kuma na sami dabara!

Na bi bokal ɗin Inna ɗaya bayan ɗaya har na sami wanda nake nema, na watan Nuwamba. Ta kira sunansa, ta ce, "Gida na kewarka. Waccan ta lakol ba ta faɗi, amma kullum ita ka share wajen tubalinka. Ka taho gida." Ni ban ma tuna ta faɗi haka ba. Akwai wata 'yar kibiya da ake dannawa a sake tura saƙo. Na danna, na zaɓi Agadas, ya tafi.

Ka ga an kai saƙo, kuma ban keta kunya ba. Inna ta kai mini kamar yadda ta saba. Na ji daɗin kaina ƙwarai, har na yi wa Malam ƙosai ba tare da ya roƙa ba.

Talata, 4 ga Maris

Na yi ɓarna.

Rahina ta kira. Yana saman rufin wani gida da pano a hannu saƙon ya shigo. Ya ga lambar gida, ya ɗauka ni ce, rabon da a aiko masa tun rasuwa. Ya ajiye aiki ya danna da sauri. Sai muryar Inna tana kiran sunansa. Ta ce abokan aikinsa ne suka riƙo shi ya sauko tsani. Ya dawo gida ya kwanta ya juya wa bango fuska, ko ruwa da ƙyar ya sha da magariba.

Na ce me ya ce? Ba ta so faɗa ba, na matsa. "Cewa ya yi, ashe gara a tayar da matacciya ta yi mini magana da ita ta buɗe baki."

Da ya faɗo fa? Da ya faɗo daga rufin nan saboda dabarata?  Allah na gode maka da ka sa mutane kusa da shi.

Alhamis, 6 ga Maris

Na gaya wa Malam. Na jira ya ce ai ya faɗa, salula ba ta da kunya. Bai ce ba. Yana gyaran igiyar rago ya ce salula ba ta yi laifi ba, abin da aka ɗora mata ta kai. Inna kuwa ba haka take kai saƙo ba. Takan duba fuskar yaro tukuna, in ya gaji ta jira, in maganata ta yi kaushi ta sa mata mai, in ta yi kaɗan ta ƙara daga aljihunta.

Ya ce, "Lokacin da anka yi kunyar ga, gida cike yake da kakanni da gwaggwanni. Uwa ta yi shiru, baki goma na faɗa ma yaro ana son shi. Yanzu duba gidan ga, Madam. Daga ni sai ke sai akuya."

Na ce to kai da kake wa'azi, kana kiransa? Ashe yana kira! Tun bayan rasuwa, daga shagon mai caji, wai yana tambayarsa yadda ake goge pano. Mu da panonmu ɗaya tal, kuma ni ke goge shi. Tsohon nan ya riga ni, bai gaya mini ba.

Na ɗauka kunya girmamawa ce, kuma har gobe haka na ɗauka. Ba don ba na son sa nake sunkuyar da kai ba, don ya fi ƙarfin bakina ne. Amma shi can Agadas shiru kawai yake ji. Salula ba ta kai sunkuyar da kai.

Talata, 11 ga Maris

Na gano in ka ja yatsa gefe, bokal ya goge kafin ya tafi. Allah ya yi wa wanda ya yi tunanin wannan albarka, ya san akwai irina. Tun Asabar nake yi ina gogewa. Na gwada a ɗaki, na goge. Na gwada a bayan gida ina kallon akuya kamar da ita nake, na kai "ina wuni" sai ta yi kuka, na ji kamar dariya take mini.

Yau yatsana ya suɓuce. Ya tafi. Babu komai ciki sai numfashina da zakaran maƙwabta da dakan gidan Mariyama. Na nemi yadda ake dawo da shi, kafin in gano alamar ta yi shuɗi, ya riga ya ji. Na jefa salula ƙarƙashin filo kamar wuta.

Bayan la'asar na duba. Ya rubuto: "Na ji gida."

Lahadi, 16 ga Maris

Wata dabarar, amma wannan da mai rai. Na yi wa Ummi bokal. Jika ce, da ita ba kunya, har zagin wasa na yi mata. Na ce, "Takwara, ke mai kan ƙwarya, ki gaya wa babanki a yi haƙuri da abin da ya faru. Ki ce masa ba a sayar da tubali ba."

Rahina ta ce ya saurara ya maimaita, ya yi murmushi, rabonsa da murmushi tun Janairu. Sannan ya ɗaga yarinyar ya ce, "Ummi ba ta iya magana ba tukuna, Yaya ta ba ta aikin da ya fi ta." Amma maganar arewa tana nan. Bayan Salla motar abokan za ta tashi, kuma bai ce musu a'a ba.

Juma'a, 21 ga Maris

Da hantsi, Malam ya tafi kasuwa. Na buɗe ɗakin Inna, na share, na zauna bakin gadonta. Na buɗo hoton nan mai tabo a gira na kalla, sannan na danna. Ban ja yatsa gefe ba.

Abin da na ce, in ban manta ba: "Kai. Ni ce. Ka sha ruwa lafiya? Abin da na turo ranar nan, ban kyauta ba, ka yafe mini. Maganar da ke ciki tawa ce. Tubalinka na nan, in damina ta same shi a ƙasa zai narke. Ka ce wa za ka zo wa. Ni za ka zo wa. Ka zo."

Muryar kamar ba tawa ba. Na fito ina zufa kamar na yi daka. Ban faɗi sunan ba, kada wani ya ce na faɗa.

Asabar, 22 ga Maris

Alamar ta yi shuɗi tun jiya. Shiru. Na ƙona kunu.

Litinin, 24 ga Maris

Ya amso, da murya. Farkon saƙon ba komai sai iska da ƙarar mota can nesa, har na ɗauka shi ma yatsansa ne ya suɓuce. Sannan ya yi gyaran murya.

"Yaya, na ji. Ki sa a nemo magini ya zo bayan Salla." Can ya ƙara: "Kuma yajin ya ƙare."

Ki sa, ya ce. Ba "a ce wa Yaya" ba. Na yi sujada a nan tsakar gida, kan ƙasa, ko tabarma ban shimfiɗa ba. Da Malam ya shigo ya ga goshina da ƙura, ya buɗe baki zai yi tsokana, sai ya fasa, ya wuce ya ɗaure rago.

Na mayar masa da bokal na ce yaji sai wanda ya zo da ƙafarsa.

Asabar, 29 ga Maris

Gobe Salla in an ga wata. Aiki ya yi mini yawa, ba zan yi dogon rubutu ba. An wanke ɗakin Inna an shimfiɗa wa Rahina da takwarata. Balarabe magini ya zo ya duba tubali, ya ce kaɗan ne suka tsage. Tela bai gama rigar Malam ba, shi Malam yana can zaune a shagon ya ƙi tashi. Na daka yaji turmi guda, idona har yanzu yaji yake.

Ba abin da ya sauya. In ya shigo zan amsa gaisuwa yadda na saba, kada Malam ya sa rai zai ga abin dariya. Lambar ma tana nan Agadas, ban taɓa ta ba, ko da yake ban san me za a kira ta ba in an bar Agadas ɗin.

Na saurari Inna sau ɗaya da safe, na yi mata addu'a, na kashe.

Salula ta yi ƙara yanzun nan. Sun wuce Gidan Rumji. Ɗana Safiyanu ya ce kada in sa tsamiya da yawa a kunu, bari in je in duba wuta.